Zanen Akawu a Akwatunan Yuraniyom

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Shekara talatin da huɗu ke nan da fitowar rahoton, har yau in na tuna shafinsa na farko sai bakina ya yi ɗaci. Ni na yi shekara huɗu a daji ina bin injin haƙa. Ni na auna rami talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya. Ni na fara cewa akwai yuraniyom a ƙarƙashin tudun nan lokacin da kowa ke yi mini dariya. Da rahoto ya fito, sunan Dogo ne a sama, shugaban ayarinmu, mutumin da bai taɓa kwana biyu a jere a sansani ba don tsoron sauro. Ni kuwa ina shafin ƙarshe, cikin "da sauran ma'aikatan fili". Sauran. Ni da na zo na ɗaya a ajinmu na jami'a. Daga baya kamfanin ya rushe ba a haƙo ko cokali ɗaya ba, na ƙare da koya wa yaran sakandare sunayen koguna har na yi ritaya.

Abin da ya sa na tayar da maganar, yau an zo nemana. Wani sabon kamfani ya sayi filin, sun aiko wata yarinya masaniyar duwatsu, da farar hular kwano a hannu. Mai Hula zan riƙa kiranta.

Ta ce, "Baba, an ce kai ne ka san ramukan nan."

Na ce, "Wa ya ce? Rahoto dai bai ce ba."

Ta yi murmushi ta ce rahoto bai ce ba, amma duk tsohon leburan da ta tambaya gidana yake nuna mata. Kamfaninsu na son sanin ko abin da ke ƙasa ya kai a haƙa. Za su sake gwada tsofaffin duwatsunmu da ke sito, amma dole a san kowane akwati daga wane rami ya fito. Wanda ba a sani ba, fitar da shi za a yi, kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Mako shida suka ba ta. In aikinmu ya tsaya da ƙafarsa, sunana zai shiga sabon rahoto.

Mai ɗakina ta kawo mata shayi. Akawu nake ce mata tun muna sansani, don ita ce mai buga mana takardu. Ta kawo, ta koma ciki, ta sake kawo wani. Baƙuwar ta shanye duka biyun. Yarinyar tana da tarbiyya.

Laraba, 6 ga Maris, biyar na yamma

Na je sito. Rufin kwano ne, rabinsa ya yi tsatsa, ciki sai warin jemage. Akwatunanmu suna nan, na katako, dogaye, kowane da duwatsun da inji ya zaro kwance a jere kamar an yayyanka rake. Sun haura ɗari huɗu. Na sa hannu a kan ɗaya na daɗe ban ɗauke ba.

Lambobin babu. Da alminiyam muka yi su muka buga da ƙusa, 'yan gwangwan sun ɓalle duka sun sayar. Takardun ciki kuwa gara ta cinye. Kuma dutsen tudun nan duk kamarsa ɗaya, yashi ne da ya daskare, ko uwar da ta haife shi ba za ta bambance shi da ido ba. Na ce wa Mai Hula ta koma ta gaya musu an gama.

Sai maigadi ya ja sandarsa ya zo. Tsohon leburanmu ne, haƙoransa sun zube amma bakin bai mutu ba.

Ya ce, "Injiniya, har yanzu lamba kake nema? Mu yaushe muka taɓa karanta lambarka? Juya akwatin."

Na juya. A gefen da ke kallon bango akwai ɗan zanen buta da jan fenti, da zane-zane uku a ƙarƙashinta. Na gaba ma buta, da zane huɗu. Can kuma kifi. Can mabuɗi. Can takalmi.

Ya ce Madam ce ta yi musu, da ta ga suna cakuɗa akwatuna ina zaginsu. Kowane rami da hotonsa, zane-zanen kuma jerin zurfi ne. Buta ta bi buta, kifi ya bi kifi. Shekara huɗu suna aiki da haka.

Na ce, "To buta wane rami ce?"

Ya ce, "Oho. Mu ɗauka muke, ba mu haƙa. Tambayi matarka."

Ban taɓa sanin da zanen nan ba. Ko na gani na ɗauka wasan leburori ne.

Alhamis, 7 ga Maris, bakwai na safe

Yau Akawu lafiya lau take.

Asabar, 9 ga Maris, sha ɗaya na safe

Mai Hula ta ɗauko hotunan zanen duka talatin da takwas ta buga mini a takarda. Na jira sai da Akawu ta karya ta zauna a baranda, don da safe ta fi sakewa. Na ajiye mata hoton takalmi a cinya kamar ba da wata manufa ba.

Ta duba, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun bara.

Ta ce, "Mai Duwatsu, ba kai ba ne ka dawo da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a laka, kana cewa ai da gangan ka yi? Wai kana gwada taushin ƙasa."

Na tuna. Bakin fadama ne, rami na tara. Ba ta san lambar ba, ni kuma ban san hoton ba. Ta ce a bayan babban littafi ta rubuta jerin, littafin da Dogo ya tafi da shi. Amma kowane hoto, wani abu ne ya faru a ranar da aka fara ramin. In ta ba ni labarin, ni zan san inda inji yake.

Mun samu huɗu yau. Takalmi, tara. Mabuɗi, biyu, ranar da na kulle ta a waje na tafi fili da mabuɗin. Laima, sha ɗaya. Buta, ɗaya, don ita ce abin da muka fara saya a matsayin mata da miji, kuma tana yoyo.

Na tsaya a huɗu don ta fara tambayata yaushe marigayiya mahaifiyarta za ta iso.

Talata, 12 ga Maris, huɗu na yamma

Na yi abin kunya. Ganin lokaci na tafiya, sai na ce wasu ai ba sai na tambaye ta ba. Kifi, ai rafi ne, na rubuta rami na bakwai na ba Mai Hula da gadara. Ta sa na'urarta a kan duwatsun, wannan mai ƙyas-ƙyas in ta ji yuraniyom, ta duba tsohuwar taswira, ta ce, "Baba, rami na bakwai mita sittin ne. Akwatunan kifi sun kai casa'in."

A gaban maigadi. Ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Da na dawo na nuna wa Akawu. Ta ce, "Kifi? Ai lokacin ina da cikin yarinyar nan ne, na ce kifi nake so, ka ce a daji wa zai ba ni kifi. Direban tankar ruwa ya ji, washegari ya kawo mini daga gari a cikin bokiti."

Rami na talatin ne, can kan tudu, inda ko kwaɗo babu. Ban san direban ya yi haka ba. Na tambaye ta ko na ci. Ta ce ni na cinye rabi.

Juma'a, 15 ga Maris, tara na safe

Na zaro tsofaffin littattafan aljihuna daga ƙasan akwati don su taimaka mini da kwanan wata. Duk rana na rubuta wani abu. Na buɗe ranar da aka haifi 'yarmu. Ga abin da ke ciki: "Rami 32, mita 84. Ruwa ya tsayar da aiki."

Na duba shekara huɗun nan kaf. Sunan injin ya fito, sunan Dogo ya fito sau ba adadi, har da zagi. Nata bai fito ba.

Lahadi, 17 ga Maris, shida na yamma

Mun gano ramuka goma sha uku. Yau lafiya lau take. Gishiri ne kawai a shayi, na shanye.

Laraba, 20 ga Maris, bakwai na yamma

Ba na son rubuta na yau.

Ina sito muna jera akwatunan laima, aka kira ni. Telan bakin layinmu ne ya ga Akawu a tashar mota, da mayafi da jaka, tana tambayar motar sansani. Ya ce mata shi ma can za shi, ya riƙo jakar suka taho gida a ƙafa suna hira. Na same ta tana wanke kofuna. A jakar akwai gwangwanin man takalmi da buroshin haƙori. Ta ce fenti za ta kai, leburori na jira.

Na yi wa tela godiya. Ya ce ba komai, kakarsa ma haka, sai na katse shi na tambaye shi kuɗin ɗinkin da ban kai masa ba. Ya gane, ya tafi.

Alhamis, 21 ga Maris, biyu na rana

'Yarmu ta zo ba ta ko ajiye jaka ba.

"Baba, duwatsun nan shekara talatin suna jira, ba su mutu ba. Ita fa?"

Na ce aikin yana yi mata amfani, tana dariya.

"Tana dariya da safe, da rana ta ɗauki jaka. Kai kake tono mata sansanin nan. Don me? Don suna a takarda? Wa zai karanta?"

Na ɗaga murya na ce ba ta san abin da aka yi mini ba. Ta ce ta sani, tun tana goye take ji, ta haddace shi kafin ta haddace karatun makaranta. Sai uwar ta leƙo ta ce mu rage murya, Injiniya na barci, ya kwana a bakin inji.

Yarinyar ta shiga kicin ta daɗe tana buɗe famfo.

Ta maimaita abin da likita ya ce a watan jiya. Na ji. Ba sai na rubuta ba.

Asabar, 23 ga Maris, goma na safe

Na daina zuwa sito. Na gaya wa Mai Hula in tana so ta zo gida, da safe, rabin awa, hoto ɗaya ko biyu, in Akawu ta gaji a tashi. Na zaci za ta ɓata rai don lokaci ya ƙure mata. Sai ta zo da lemo, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kusa da kujerar.

Akawu ta ɗauke ta ƙanwarta ce, wadda ta rasu tuntuni. Tana ce mata, "Ke kuma har yanzu ba ki yi aure ba?" Yarinyar ta ce, "Yaya, ina jira ki zaɓo mini." Akawu ta nuna ni da baki ta ce, "Kada dai ki ɗauki mai ilimi. Ga shi nan. Ya san shekarun dutse, bai san nawa ba."

Sun yi ta dariya su biyu. Na sani mana. Sittin da uku.

Agogo, sha tara. Tsani, ashirin da biyar.

Talata, 26 ga Maris, takwas na safe

Ba komai yau. Ta kalli hoton fitila ta ce yana da kyau, wa ya zana?

Laraba, 27 ga Maris, takwas na safe

Fitila, shida. Ta tuno da kanta, har da sunan mai dafa abincin da ya fasa gilashin. Mun kai goma sha takwas.

Asabar, 30 ga Maris, uku na rana

Akwai hoton da nake mayarwa ƙasan tari tun ranar farko. 'Yar safar jariri, guda ɗaya.

Mai Hula ta ce akwatunan safa su ne suka fi sa na'urarta kuka, in ba a san raminsu ba rabin darajar filin ya tafi. Tana so ta nuna wa Akawu. Na ce a'a. Na ce ta rubuta ashirin da biyu. Ta ce, "Baba, ka tabbata? Kada a maimaita kifi." Na ce ta rubuta.

Rami na ashirin da biyu shi ne wanda nake ba da labarinsa a duk inda na zauna. Kwana uku ban bar bakin inji ba, na'ura na kuka kamar za ta fashe, ina rawa da leburori. An aiko mini sau biyu daga sansani. Na ce ina zuwa. Kafin 'yarmu akwai wani. Wata biyar ya yi a duniya.

Ta auna zurfin, ya yi daidai.

Lahadi, 31 ga Maris, tara na safe

Ashe Akawu ta ga hoton, na bar tarin a kan tebur. Na fito na same shi a hannunta. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibin da aka kama.

Ta ce, "Ɗayar na sa masa. Wannan ce ta rage."

Na ce, "Akawu, ban zo ba."

Ta ce, "Ka zo mana. Ka zo da ƙura har gira, ka zauna a bayan tanti kana kuka kana tsammani ba na ji. Na bar ka ne don kada ka ji kunya." Ta miƙo mini hoton. "Zo ka zauna, tsayuwar me kake yi kamar mai karɓar haraji?"

Na zauna. Ta gyara mini wuyan riga. Mun kai awa ɗaya a haka. Idonta sarai, ita ce sosai kamar da.

Talata, 2 ga Afrilu, sha biyu na rana

Na rubuta sunan Akawu na gaskiya cikakke a takarda, har da na mahaifinta, na ba Mai Hula. Na ce in wuri ɗaya ne a rahoton, a sa wannan.

Ta ce masu sa hannu a sama dole sai masu takardar shaida, doka ce ba ita ta kafa ba. Har na fara tsohon karatuna a kan masu takarda, ta ɗaga hannu. Ta ce amma jadawalin da ke haɗa kowane hoto da raminsa shi ne ƙashin bayan rahoton, kuma a kansa za a rubuta wadda ta tsara shi. Ba a shafin ƙarshe ba. Ta ce nawa ma zai shiga.

Na gaya wa Akawu. Ta ce madalla, amma a tabbata an sa takardar kwafi a ƙasa kafin a buga, don Dogo na son kwafi biyu.

Juma'a, 5 ga Afrilu, goma na safe

Mun kai ashirin da uku. Kujera, talatin da bakwai. Ban tabbata ta tuna ba ne ko ta ga ina so ne ta ba ni labari. Mai Hula ta auna, ya yi daidai. Na ji kunyar shakkar da na yi.

Litinin, 8 ga Afrilu, takwas na safe

Ba komai.

Talata, 9 ga Afrilu, takwas na safe

Ba komai. Ta jera hotunan a kan tabarma, ta tattara, ta sake jerawa. Ta ci abinci sosai.

Alhamis, 11 ga Afrilu, biyar na yamma

Maigadi ya zo gaishe ta, ya sa riga mai tsabta, ya hau mota biyu. Ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Madam, ni ne mai ɗaukar akwatin buta." Ta amsa masa da fara'a, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya. Da ya fita ta ce mini mutumin kirki ne, a ba shi ruwa, daga ina yake?

Na raka shi bakin titi. Ya ce, "Injiniya, ka tsufa." Na ce shi fa? Ya ce shi tun yana yaro yake da tsufansa. Muka tsaya muna kallon motoci. Bai hau ta farko ba, bai hau ta biyu ba.

Asabar, 13 ga Afrilu, tara na safe

'Yarmu ta dawo da kayanta, za ta zauna tare da mu. Ba mu yi faɗa ba. Ta ga ina yanke wa uwar farce ta ce ba haka ake riƙe abin ba, ta karɓa, sannan ta mayar mini ta ce in ƙarasa.

Na kwashe hotunan daga tebur na sa a ambulan. Sha biyar ne suka rage. Akwai tsuntsu, akwai cokali, akwai wani kamar gajimare ko tunkiya. Akwai hannu biyu a haɗe. Wannan na fi so in sani. Na duba littattafan aljihuna ko zan ga ranar da ta dace da shi, ba komai sai mita da mita.

Litinin, 15 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Wa'adi ya cika. Mai Hula ta zo da kwafin jadawalin, sunan Akawu a sama da manyan baƙaƙe. Ta ce rami ashirin da uku sun isa kamfani ya ci gaba, za su haƙa sababbi a inda aka rasa. Ta sunkuya ta ce, "Yaya, zan tafi." Akawu ta riƙe mata hannu ta ce ta gaida mutanen gida.

Na karanta wa Akawu sunanta daga takardar, a hankali, sau biyu. Ta saurara da kyau, ta ce ta taɓa sanin wata mai wannan sunan.

Gobe za a fitar da akwati ɗari da sittin da biyu daga sito a zuba a bayan katanga. Ramuka sha biyar ne, kwana sha biyar na zamanmu da ta ga sun isa a zana. Mutum ɗaya ce ta san abin da ya faru a cikinsu. Tana baranda tana shan hantsi, kuma ba ta sani ba.